Angon Noreen Tapsell

A garin East Grinstead, duk wanda ya manyanta ya taɓa shiga bas ɗin Desmond Pettifer, amma kaɗan ne ke kiransa da sunansa. Ango ake ce masa. Abokansa direbobi ne suka laƙaba masa sunan ranar da ya shigo gareji yana washe baki, ya ce Noreen Tapsell ta amince za ta aure shi. Lokacin ko furfura ɗaya babu a kansa. Ya zo ya yi furfurar, ya ajiye aiki, sunan yana nan daram, auren kuwa ba a ɗaura ba.

Ba wai Noreen ba ta sonsa ba ne. Tana sonsa, har kare da kyanwa na unguwar sun sani. Ita 'yar addinin Sayantoloji ce tun tana budurwa. A shagon wanki da guga take aiki, ranar Lahadi ta hau bas ɗin Desmond zuwa ɗakin ibadarsu da ke bayan gari, a nan suka saba. To tun a wancan zamanin kotu ta riga ta yanke cewa ɗakin nasu ba wurin ibada ba ne, wai alƙalai ba su ga wanda ake bauta wa a ciki ba. Tunda haka ne, auren da aka ɗaura a cikinsa ba aure ba ne a idon doka. Sauran mabiya suka samo dabara: su je ofishin rajista a ɗaura na gwamnati sama-sama, su dawo ɗakin ibada a yi na addini a sha biki. Noreen ta ce ita kam a kai kasuwa. Ranar da ta taka ofishin nan, ta yarda ke nan cewa addininta ƙungiyar 'yan wasan karta ce. Aure ɗaya za ta yi, a gaban jagoran ibadarsu, kuma doka ta karɓe shi.

Shi Desmond bai taɓa shiga addinin ba. Ya bi ta sau ɗaya, aka ba shi gwangwanaye biyu na wata na'urarsu ya riƙe ana yi masa tambayoyi, ya fito ya ce shi dai tafin hannunsa ne kawai ya yi gumi. Amma kada a ɗauka Noreen kaɗai ce mai taurin kai. Uwarsa 'yar cocin Methodist ce ta gani-kashe-ni, ta raine shi a kan abu biyu: ba a ƙarya, kuma namiji ba ya kwana gida ɗaya da matar da ba tasa ba. Ƙasar duka ta wuce wannan maganar, kowa na zaune da kowa ba mai ɗaga ido, shi ya riƙe abarsa. Sai ya kama gida a layinsu, ƙofa na kallon ƙofa. Kullum da yamma ya tsallaka titi, su ci abinci, ya wanke kwanuka ta goge, su kalli labarai, ya sa hularsa ya tsallaka ya koma. Abin haushi, mutum biyu masu hankali suka ƙare ƙuruciyarsu a tsallaka titin da ko mota ba ta cika bi ba.

Da labari ya zo cewa a Scotland an ba jagororin addinin Noreen izinin ɗaura aure, Desmond ya shigo da murna har ya manta bai goge takalmi ba.

"Nori, mu hau jirgin ƙasa da safe, kafin yamma kin zama matata."

"In tsallaka iyaka kamar wadda ta yi sata? A nan aka haife ni, tsoho, a nan za su ba ni haƙƙina."

"Haƙƙin naki yana ta zuwa, ni kuma gwiwoyina sun fara tafiya."

"Ka shafa musu mai," in ji ta, ta tura masa farantin kifi da dankali.

Ya ci kifin, don me zai yi? Rabuwa da ita ba zai iya ba. Akwai wata bazawara mai sayar da shayi a gareji da ta yi ta ƙara masa sukari tana kallonsa, ya gwada sa ta a ransa, ran ya ƙi. Zama kuma ya ishe shi. Wani lokaci ya ji haushin alƙalan da bai taɓa gani ba, wani lokaci na addinin, wani lokaci na ita Noreen, wanda shi ne ya fi ci masa rai. Ya kwanta da fushi ya tashi, yamma na yi ƙafafunsa su kai shi ƙofarta.

Sai mantuwa ta fara kama Noreen. Da fari dariya suke yi, ta sa buta a firji, ta kira shi da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Ranar da ya tarar da gidan cike da warin gas tana zaune tana saƙa, dariya ta ƙare. A asibiti nas ta tambaye shi mene ne shi a wurinta. Desmond ya duba duk kalmomin da ya sani, ya ce maƙwabcinta ne. A makon nan ya haɗa kayansa a jaka ɗaya, ya nemi gafarar uwarsa a zuci, ya tare a ƙaramin ɗakin gidan Noreen. Shi ya karya tasa dokar, ita tata tana nan.

Ƙarshen shekarar 2013, yana shafa mata bota a burodi, rediyo ya ce kotun ƙoli ta juya tsohon hukuncin: ɗakin ibadar Sayantoloji wurin ibada ne, ana iya ɗaura aure a ciki. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa gabanta da gwiwoyin nan nasa, ya ce mata ta yi nasara, sun ba ta haƙƙinta. Ta ce madalla, ta tambaye shi ko ya ba kyanwa abinci. Kyanwar ta mutu shekarun baya.

Bai karaya ba. Akwai safiyar da take tashi garau, ya ce wa kansa safiya ɗaya ta isa. Sai dai ko a ɗakin ibada za a ɗaura, doka ta ce sai an fara zuwa ofishin rajista an ba da sanarwa. Ya sa mata shuɗiyar rigar sanyinta, ya taje mata kai. Ofishin da Noreen ke canza hanya don kada ta bi ta gabansa, ranar ta shiga salin-alin tana yaba furannin bakin ƙofa. Wannan ya sosa masa rai fiye da duk abin da ya gabata.

Ƙa'idar wurin, kowa shi kaɗai ake yi wa tambayoyi. Noreen ta damƙe hannun rigarsa ta ƙi saki, sai jami'ar, wata matashiya mai sanyin murya, ta bar shi ya zauna daga baya, da sharaɗin ba zai ce uffan ba. Noreen ta faɗi sunanta daidai, ta faɗi ranar haihuwarta daidai. Jami'ar ta nuna shi, ta tambaye ta ko ta san wannan mutumin.

"Desmond ne mana. Mijina."

"Wanda za ki aura dai, Mama. Kin san sanarwar aure kuka zo bayarwa?"

Noreen ta yi dariya har da riƙe ƙirji. "Aure kuma? 'Yar nan, mu da muka yi aure tun ba a haife ki ba? A ɗakin ibadarmu aka ɗaura, ba masaka tsinke. Ruwa aka yi ta yi ranar, shi kuma takalminsa ya matse shi, yana ta ɗingishi."

Jami'ar ta ajiye biro a hankali. Ta yi wa Desmond bayani da taushi cewa ba za ta iya karɓar sanarwa daga wadda ba ta fahimci abin da take amincewa da shi ba. Sannan, don ta cika aikinta, ta tambaye shi ko an taɓa ɗaura musu aure a wani wuri.

Noreen ta juyo tana kallonsa, fuskarta cike da annuri, tana jiran ya gyara wa yarinyar nan kuskurenta. Desmond ya san in ya ce a'a, wataƙila a sake ba su wata rana, a kira likita, a yi ta tambayarta har a cire mata bikin nan daga kai. Mutumin da ya kai tsufa bai yi ƙarya ba ya dubi jami'ar.

"An ɗaura," in ji shi. "An yi ruwa sosai."

Ya ɗaga ta, ya gyara mata wuyan riga, suka fito. A tashar bas ta kama hannunsa na hagu tana juya shi, ta ɓata rai, ta tambaye shi ina zobensa.

"Na bar shi a gida, Nori."

"Kullum sai ka manta abu," in ji ta. "Ban san yadda za ka yi ba in ba ni."