Dawowar Mai Kwale-kwale

Yayata ta iso Bangui daga Garwa a gaban motar kaya, ƙafafunta sun kumbura saboda zama. Saboda Inna muka kira ta. Tun farkon damina ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye, kuma ni da matata mun kai inda abin ya fi ƙarfinmu: ga shagon yadi a Kasuwar Kilomita Biyar, ga yara, ga juya maras lafiya a gado, ga wanka da ba ta abinci a baki. Yaya ta shigo ta durƙusa gaban gadon, ta daɗe riƙe da hannun Inna mai lafiyar. Sai da ta yi sallah ta ci abinci, tana cikin fiddo tsaraba, ta zaro wata 'yar kwamfuta daga cikin zannuwanta ta ajiye a kan tabarma.

"Auta, sun yi na biyu," ta ce.

"Na biyun me?"

"Mai kwale-kwale mana."

Ga ni magidanci da 'ya'ya, rabona da barcin kirki har na manta, amma sai da na matso kusa da kwamfutar.

Muna yara, wani kawunmu ya taɓa kawo tsofaffin kwamfutoci daga Duwala. Duk suka shiga sai guda ɗaya mai fasasshen gefe, wadda ba wanda ya taya. Ita ce ta ƙare a ɗakin Inna, a kan akwatin ƙarfe, an rufa mata ɗankwali. A cikinta muka tarar da faifan da mai ita na farko ya manta. Wasa ne, amma ba irin na harbi ko tseren mota ba. Wani mutum ne mai rigar ruwa ruwan ɗorawa, sana'arsa fiton mutane a kwale-kwale, ƙaninsa ya ɓace a wani gari na bakin teku, shi kuma yana nemansa. Kai ke nuna masa inda zai je da ɗan linzamin nan da muke kira suri. Ka danna ƙofa ya buɗe, ka danna igiya ya ɗauka ya sa a aljihu, ka danna mutum su yi magana. Ba a mutuwa, ba a gudu. Tunani ne kawai: wane abu za ka haɗa da wane, wa za ka ba me don ya buɗe maka hanya.

Da Faransanci suke magana, kuma Yaya ta fi ni shi nesa ba kusa ba. Don haka muka raba aiki: ni ke riƙe suri, ita ke fassara, rabi da Hausa rabi da Sango. Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, tana cewa aikin banza muke yi, amma kunnenta na wurinmu. Takan jefo shawara ba tare da ta ɗago ba. "Ku ba tsohon nan kifin, kun ga yunwa yake ji." Mu ba shi, ya ƙi karɓa. Sai ta ce to ɗan girman kai ne, mu rabu da shi.

Akwai wani mai gadin hasumiyar fitila da ya tsare mu damina guda. Mun ba shi duk abin da ke aljihun mai kwale-kwale, ya ƙi. Ga wutar lantarki ba ta tsayawa. Sai mun ɗauko wata dabara a ɗauke. Nakan tafi makaranta ina tunaninsa, in dawo ta unguwar Miskine ina tunaninsa. Ba mu da wanda za mu tambaya, don duk unguwar ba mai irin wasan. Ran da muka gane cewa sai an jiƙa ashanarsa a ɓoye sannan zai sauko neman wuta ya bar ƙofa, ihun da muka yi har Baba ya leƙo daga zaure yana salati. A ƙarshe mai kwale-kwale ya hau saman hasumiyar, ya hango wani jirgi yana nisa cikin hazo da ƙaninsa a ciki. Aka rubuta cewa za a ci gaba. Ba a ci gaba ba. Muka girma, gari ya rikice, Yaya ta bi ayarin masu gudu zuwa Kamaru ta yi aure a can, kwamfutar ta tafi tare da sauran kayan ɗakin da aka kwashe, Baba ya rasu bayan ƙura ta lafa.

"Tun bara nake da shi," in ji Yaya. "Ban buɗe ba. Na ce sai da kai."

Lokacin da muke da shi kaɗan ne, tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da Inna ke samun barci, ni kuma na dawo daga shago cin abinci. Mukan zauna a ƙasa kusa da gadonta, mu rage murya, Yaya da mafici a hannu tana yi mata fifita. Ranar farko na karɓi surin kamar dā, ko da yake yanzu Faransancina ya ishe ni.

Abin da ya fara damuna fuskarsa ce. A na farko da hannu aka zana komai, garin duhu-duhu, ruwan sama na zuba a kan kwanon rufi. A wannan an goge komai yana sheƙi, mai kwale-kwale ya zama kamar 'yartsanar roba, idanunsa ƙato-ƙato. Muryarsa ma ba ita ba ce. Na dā ba shi da yawan magana. Idan ka ba shi umarnin da ba zai yiwu ba, sai ya girgiza kai kawai. Wannan kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Ya ga kujera ya yi mata ba'a, ya ga kare ya yi masa ba'a, ya yi dariyar abinsa shi kaɗai.

"Wannan ba shi ba ne," na ce.

"Ka ba shi lokaci. Kai ma ai ka canza."

Sai batun dabarun. Duk abin da ake so ka ɗauka, haske yake yi yana walƙiya. Ka ɗan tsaya tunani, sai mutumin ya juyo ya ce, da ma na gwada mabuɗin nan a waccan ƙofar. Kafin ruwan shayinmu ya huce mun wuce ƙofofin da a dā za su ci mana wata. Na ce wa Yaya sun maida mu jarirai, tauna mana ake yi ana sa mana a baki. Ta ce mutanen yanzu ba su da lokacin zama damina guda gaban mai gadi, kuma in faɗa mata gaskiya, ni ina da shi? A daidai lokacin Inna ta yi tari, muka tashi muka gyara mata matashi.

A cikin makon farko aka sami ƙanin. Haka kawai, ba wata wahala. Muka buɗe wata ƙofa a gidan shan shayi, sai ga shi zaune yana cin burodi. Suka rungumi juna, suka yi wata 'yar raha, shi ke nan. Daga nan labarin ya juya: wai akwai wani dutse mai tsafi a ƙarƙashin teku, wasu miyagu na nemansa don su mallaki duniya. Na ajiye surin na jingina da bango. Yaya tana kallon allon, maficin ya tsaya a hannunta.

"Ya same shi?"

Inna ce. Ashe idonta biyu. Tun da ciwon ya same ta maganarta ta yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai.

"Ya same shi, Inna," in ji Yaya.

"Lafiya lau?"

"Lafiya lau. Burodi ma yake ci."

"To me kuma kuke nema?"

Yaya ta fashe da dariya har da hawaye, ta rufe baki da gefen mayafi. Ni ma na yi, amma gajeriya.

Ba zan ce babu abin kirki a cikinsa ba. Akwai wani wuri a tsakiya, wata kasuwar kifi da asuba, inda wata tsohuwa kurma ke sayar da fitilu. Ba ta jin magana, don haka surutun mai kwale-kwale bai yi masa amfani ba. Sai ka lura da yadda take nuni da hannu, ka maida mata da abin da ya dace. A nan babu haske mai walƙiya, kamar wani mutum dabam ne ya tsara wurin. Kwana biyu muna kansa, muna gardama ƙasa-ƙasa, Yaya na fizge surin daga hannuna. Da muka warware shi ta buge ni a kafaɗa ta ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Amma daga wucewarmu sai aka sa mu tseren guje wa karnuka a kan gada, abin da ke son saurin yatsa, mu kuwa yatsunmu sun gaji da wanki da aunin yadi. Muka faɗa ruwa ya fi a ƙirga. Da muka haye da ƙyar, mutumin ya maƙale a jikin bango, ƙafafunsa na tafiya shi ba ya gaba, dole muka koma baya muka sake gadar.

Bayan wannan sai zaman ya fara raguwa. Wata rana in dawo in tarar Yaya ta yi barci a zaune, kanta a gefen katifar Inna, in rasa zuciyar tashinta. Wata rana ni ne ke gyangyaɗi da surin a hannu, in farka in ji mai kwale-kwale yana ta maimaita shawararsa ga ɗakin da ba mai sauraro. Akwai ranar da babur ɗin da na hau ya tsaya cak a cunkoson Titin Koudoukou, na iso la'asar ta kusa, sai na ji daɗi cewa ba sai mun buɗe ba. Na tabbata ita ma haka take ji, amma ba wanda ya furta. Ta riƙe shi shekara guda saboda ni, ba zan ce mata na gaji da shi ba.

Jikin Inna ya ɗan yi sauƙi wajen ƙarshen damina. Ta fara zama idan an jingina ta, tana kai cokali baki da hannun dama. Mai gasa mata jiki ya ce tafiya kam sai abin da Allah ya yi. Mijin Yaya ya fara kira, yaranta za su koma makaranta. Ranar da za ta tafi, tana ɗaure kaya, ta ɗauki kwamfutar ta juya ta a hannu.

"In bar maka ka ƙarasa?"

"Tafi da ita, Yaya. Kin fi ni haƙuri."

Na raka ta inda motocin Kamaru ke lodi. Ta yi ta jaddada mini yadda ake juya Inna ba tare da an ja kafaɗar ba, da man da za a riƙa shafa mata a diddige. Ban bar wurin ba sai da motar ta tashi.

Bayan wasu makonni ta kira ni ina shago, ina auna wa wata mata leshi. Na maƙale wayar a kafaɗa.

"Na gama shi," ta ce.

"To, yaya ya ƙare?"

"Sun jefa dutsen a rami, miyagun sun nutse. Shi da ƙanin sun buɗe gidan abinci."

"Gidan abinci?"

"Wallahi."

"Ya yi kyau dai?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Bai yi ba, Auta. Gaskiyarka ce. Sai dai wurin tsohuwar nan."

Matar da ke gabana ta ƙwanƙwasa tebur, ta ce da Sango in yi sauri, rana na yi. Na yanka mata leshin, na ninke. Yaya ta tambayi ƙafar Inna, ko kumburin ya sauka, na ce ya ragu amma bai tafi ba. Ta ce idan na koma gida in kira ta in ba Inna wayar. Na ce to, sai bayan la'asar, don akwai dila biyu na atamfa da suka iso tun safe ban kwance ba.