Rigar Tavian

Shekara talatin da ɗaya ke nan Mis Odessa Tillery tana wanke rigunan 'yan ƙwallon kwalejin garinsu a jihar Mississippi, irin ƙwallon nan da ake jefawa da hannu ana ka da juna, amma ba ta taɓa zama ta kalli wasa har ƙarshe ba. A cewarta riga ta fi allon maki faɗin gaskiya. Mai jefa ƙwallo, wanda duk wasan ke wuyansa, a bayan rigarsa take karanta shi. In ciyawa ta yi shati a gadon baya, to ya dage ya yi jifa har ƙarti suka kwantar da shi. In ta dawo fes, matsoraci ne, yarwa yake ya tsira da haƙarƙarinsa.

Ranar Laraba Koci Rufus ya leƙo ɗakin wanki, wai tawul yake nema. Ta san biri ya yi kama da mutum. Asabar za su kara da ƙungiyar da ta shekara tara tana lallasa su, babban mai jifansu ya goce a kafaɗa, saura Tavian, ɗan shekara sha tara, wanda sau uku kacal aka taɓa sa shi a wasa. Bakinta ake jira: a sa yaron ko a zaunar da shi.

"Rigarsa ta fi ta zuwa coci tsabta," in ji ta. "Irin taka ce sak lokacin da kake wasa, Rufus."

Kocin ya fita ba tawul, da niyyar zaunar da yaron.

Washegari tana ninke kaya ta ji rigar Tavian na ƙanshin wani sabulun da ba nata ba. Ta ɗaga ta a hasken taga, sai ga inuwar kore tun daga wuya har ƙugu, an dirje ta har zare ya tashi. Ta aika aka kirawo shi, ya zo yana sosa ƙeya.

"Mama, kakata ce ta ce abin kunya ne ƙato ya miƙa wa dattijuwa dauɗarsa. Shi ya sa nake fara wankewa kafin in jefa a kwando."

Kunya ta rufe Mis Odessa, ga tausayi, ga haushin an shiga mata sana'a. Ta ja ƙafarta mai ciwo har ofishin koci, ta faɗi abin da ba a taɓa ji a bakinta ba, cewa ta yi kuskure. Game da rigar Rufus kuwa, ta ce tana nan kan bakanta.

Ranar Asabar da yamma, bayan an tashi wasa, Tavian ya shigo yana ɗingishi, ya miƙa mata rigar da hannu biyu, kore shar, ko lambar ba a gani. Ba ta tambaye shi wa ya ci ba. Ta juya bayan rigar, ta daɗe tana kallo, sannan ta rataye ta a bango ba wanki.