Direban da Bai Yarda da "Da Sauƙi" Ba

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Magagi ya riga ya iso harabar likitar Filinge, wato asibitinmu. Zai zagaya motar marasa lafiya yana bugun tayoyi da ƙafa, ya duba mai da ruwa, ya goge gadon baya, sannan ya zauna gindin itacen bedi da salula a kan gwiwa. Shayi ma rabin kofi yake sha, wai kada a kira shi da cikakken ciki. Haka muka san shi tun gashinsa na baƙi, ga shi bana ya aje aiki.

Mutum ne mai fara'a, amma akwai kalmar da ba ya shiri da ita. In ya ce maka "ya jiki?" ka ce "da sauƙi", sai ya dube ka daga sama har ƙasa. Mu kuwa haka aka rene mu: ko rai na bakin fita, da sauƙi ne.

Ku tambayi Samiratu, ma'aikaciyar jinyar da ke raka shi Yamai, labarin Laraba. Laraba na sheƙar hatsi da hantsi ƙwarya ta suɓuce mata, baki ya karkace, magana ta cakuɗe. Mijinta Hamani ya kawo ta a amalanke. Likita ya ce jini ne ba ya isa wani sashe na ƙwaƙwalwarta, a yi Yamai da ita maza, don in lokaci ya ƙure abin da ya mutu ba ya tashi.

Magagi ya ɗauke su a motar, Samiratu na kula da ita, suka wuce Bonkuku. Suna shiga Baleyara suka tarar ranar kasuwa ce, shanu da amalanke sun cika hanya, jiniya na kuka ba mai jin ta. Nan Laraba ta buɗe baki, tiryan-tiryan, ta tambayi wa zai ɗaure awaki.

Hamani ya yi hamdala. "Malam Magagi, maishe mu gida. Iska ce tash shafe ta, ta wuce. Ga hatsi can zube, ga yara."

Samiratu ta ce ciwon bai tafi ba. Hamani bai ko dube ta ba, sa'ar ɗiyar cikinsa ce a ganinsa. Hannunsa na kan ƙofa, motar kuwa tsaye take.

Magagi ya hango shi ta madubi. Ba shi da ikon riƙe matar mutum. In suka sauka cikin wannan taro, shi ke nan. Kuma ya sha jin likitoci na cewa ƙuntatacciyar jijiya haka take yaudara, kamar tiyon ban-ruwa da aka taka: ruwa ya ɗan wuce, ya sake tsayawa. Ya juyo, ya bar mijin, ya dubi matar.

"Laraba, ya jiki?"

"Da sauƙi, Malam."

"Ba gaisuwa nika yi ba. Ɗaure kallabinki da hannu biyu in gani."

Kallabin ya zame tun a hanya. Ta ɗaga hagu. Dama ya taso kaɗan, ya yi rawa, ya faɗo kan cinyarta. Ta sake gwadawa, ya sake faɗowa. Hamani ya zura wa hannun ido, hannun da ke yi masa tuwo tun suna da ƙuruciya.

"Mu tahi," in ji Laraba, a hankali.

Hamani ya saki ƙofa. Magagi ya leƙa ta taga yana roƙon masu shanu da girman Allah har aka buɗe masa. Ba su yi nisa da Baleyara ba maganarta ta sake ɗaukewa. Samiratu na kiran sunanta, ba amsa. Ta ce ba ta taɓa ganin Magagi haka ba: gumi har haɓa, leɓe na motsi da salati, yana kauce wa ramuka kamar ƙwai ya ɗauko. Tsoro yake ji, kuma bai ɓoye ba.

A Yamai aka ɗauki hoton kanta, aka ga jijiyar ta ƙuntace, gudan jini ya toshe ɗan abin da ya rage. Likitoci suka zura siririn bututu ta jijiyar cinya, suka bi da shi har cikin kai, suka janye gudan, suka buɗe wurin. Magagi bai ga ko ɗaya ba. An kira shi, wata mai naƙuda na jira a Filinge. Yau Laraba na tafiya da ƙafarta, ko da yake hannun dama bai koma daidai ba, na hagun ne ke yawan aikin.

Magagi, kai ne ba ka taɓa riƙe allura ba, amma ba don kai ba da allurar ba ta tarar da mai rai ba. Sarkin hanya, mai gardama don Allah! Sunanka ba ya cikin bakin kowa a Yamai, mu dai Kurfayawa, mutanen ƙasar Filinge, mun sani. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma matasan da za ku karɓi makulli, ku karɓa har da taurin kan. Mu da ke gida, in baki ya karkace ko hannu ya saki, a kama hanya, ko da ya dawo.

Hanyar nan ta ci bayan Magagi, yanzu sai ya dafa bango yake miƙewa. Makon jiya Laraba ta kai masa fura, ta tarar da shi kishingiɗe yana cije baki.

"Malam, ya bayan?"

"Da sauƙi."

Ta aje ƙwaryar, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ba gaisuwa nika yi ba. Tashi mu tahi likita."