Cefanen da Ban Kai wa Iya ba

A gidanmu na Toranke ba a jin tatsuniya kyauta. Kakata ta wajen uba, Iya Delu, ita ta kafa wannan doka, kuma a kaina kaɗai ta kafa ta, don ni na fara shiga makarantar boko a gidan. Da an ci tuwo bayan magariba sai ta jawo kujerarta gaban murhu, ta watsa ɓawon gyaɗa a sauran garwashi, ƙannena su zagaye ta. Ni kuwa sai ta harare ni, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, ina cefane? Ba na buɗe baki sai miji ya sauke kaya."

Cefanen shi ne abu ɗaya da na koyo a aji a ranar. Iya ba ta taɓa taka aji ba, amma tana da kwaɗayin sani kamar akuya da dusa. Ranar da na gaya mata ƙasa ce ke juyawa ba rana ba, sai ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ce a gaya mata ta bi a hankali, ita mai jiri ce. Mun yi dariya har ƙanwata Rabi ta ƙware.

Ina aji uku na lalace. Wata safiya na tsaya zuba wa tumaki harawa, na makara. Tun daga nesa na hango 'yan makara a durƙushe, Malam yana tsaye da tsumagiya. Sai ƙafata ta juya da kanta ta nufi fadama. Yini ɗaya na yi niyya, amma tsoron dukan jiya ya hana ni zuwa yau, na yau ya hana ni gobe, har wata ya zagayo. Kullum sai in sa kayan makaranta in fita, in wuni ina kamun tarwaɗa a taɓo, in dawo tare da 'yan tashi. Baba yana gona, ba wanda ya lura. Cefane kuwa a hanya nake ƙera shi, kuma Iya tana karɓa tana shi mini albarka.

Wata rana da ta gama tatsuniya ta riƙe hannuna.

"Maigida, gobe ka tambayo mini Malam. Tsakaninmu da Makka tafiyar kwana nawa ce a ƙafa?"

Na ce to. Washegari ina can cikin taɓo, ban ma tuna ba sai da na ga ta jawo kujera. Ko ido ban ƙifta ba na ce, "Malam ya ce kwana tara ne. In mutum mai sauri ne, bakwai."

Ba ta yi wasan da ta saba ba. Ta dubi ƙafafuna, inda baƙin taɓo ya bushe tsakanin yatsu, sannan ta mai da ido kan wuta.

"Ashe kusa ne," in ji ta. Sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce ta zauna mu ji ta.

Wai an yi wata makauniyar tsohuwa da jikanta, su biyu rak a bakin daji. Wuta ta mutu musu, kuma babu inda ake samun ta sai gidan wani maƙeri a hayin rafi, mutum mai tsawa. Kullum da safe tsohuwa ta miƙa wa yaro kasko ya ɗebo. Yaro yana tsoron tsawar maƙeri, sai ya zauna gindin kanya ya yi ta wasa, in rana ta yi ya cika kasko da tokar da mafarauta suka bari, ya kawo gida. Tsohuwa ta shimfiɗa hannuwa a kan toka ta ce, "Allah ya yi maka albarka, yau wutar da daɗi." Sannan ta jiƙa ɗanyen gero su ci.

Rabi ta katse ta. "Iya, ba ta gane ba ne?"

"Makaho ba ya ganin wuta, 'yar nan, amma ai yana jin sanyi."

"To me ya hana ta faɗa?"

"Jira take ya gaji da ɗaukar toka."

Rannan dai yaro ya yi ƙarfin hali ya haye rafi. Maƙeri ya daka masa tsawa ɗaya, ya cika masa kasko da garwashi, shi ke nan abin da ya daɗe yana gudu. Ya sheƙo gida kasko yana ƙona masa yatsu, yana kiran kakarsa tun daga nesa. Ya same ta zaune inda ya bar ta, hannuwa a shimfiɗe, sun riga sun sandare. Ya hura wuta ta kama bal-bal, amma babu mai jin ɗumi.

"Tatsuniya ta naɗe tabarmarta," in ji Iya, ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ko gyaɗa ba ta gasa mana ba.

Da safe na je makaranta da ƙafata na durƙusa. Bulala shida na sha, kuma daga ranar ban sake fashi ba. Cefanena ya koma na gaskiya, Iya ta koma tsokanata. Na ma tambayi Malam zancen Makka. Ya nuna mini a taswira, ya ce a da can mutane sukan yi watanni da yawa a hanya, wasu shekaru, suna tafe suna ƙwadago, wasu kuma hanya ta cinye su. Na riƙe wannan amsa ban kai ba, don in na kai ta sai na amsa cewa waccan ƙarya ce, ni kuwa kunya ta fi ƙarfina. Kullum sai in ce gobe. Ita ma ba ta sake tambaya ba. Ina aji biyar, da damina, zazzaɓin kwana uku ya tafi da ita.

Sai da na yi aure sannan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ta ba ni ragowar labarin, muna hira ba tare da ta san abin da take taɓawa ba. Ashe mahaifin Iya ya bi wasu mutanen garin Gafasa zuwa Makka a ƙafa tun tana yarinya ko famfara ba ta yi ba. Ya ce ta jira shi, zai kawo mata dabino. Bai dawo ba, ba a kuma ji inda ya kwanta ba. Har ta tsufa, duk alhajin da ya dawo sai ta je ta tambaye shi nisan hanya. Ta fi kowa sanin ba kwana tara ba ne. So take ta ji daga bakin jikanta mai karatu cewa da nisa, don zuciyarta ta huta. Ni kuwa na miƙa mata toka, ta shimfiɗa hannu a kai. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarta.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare kusa da Ajingi. Ba na tsayawa da tsumagiya a ƙofa. Wanda ya makara ya shiga aji, in an tashi ya yi shara. Yaron da ya kwana uku ban gan shi ba, na san hanyar fadama, nakan je da kaina in taho da shi, ba na kuma tambayarsa dalili a gaban 'yan'uwansa. Abin da nake roƙonsu ɗaya ne, duk abin da za su kai gida ya zama na gaskiya, ko da "ban sani ba" ne.

Akwai tsohuwar taswira a bangon ajina. Wani lokaci in yara sun watse nakan ɗora babban yatsa a kan Kano, ƙaramin a kan Makka, in tsaya ina kallon abin da ke tsakani. Sai in ji bakina yana sauke cefanen da ya makara: Iya, da nisa. Da nisa ƙwarai. Babanki ba ƙin dawowa ya yi ba.