Malam Ƙasimu na Fammar da Ciwon da Aka Raina

Haihuwarsa

An haifi Malam Ƙasimu Isyaku a shekarar 1974 a Fammar, wadda a yanzu take ƙarƙashin ƙaramar hukumar Kibiya. Mahaifinsa, Malam Isyaku, manomi ne, mahaifiyarsa Malama Asibi kuwa ƙuli-ƙuli take yi.

Karatunsa

Bayan ya kammala firamare a 1987, ya samu gurbi a sakandare a Rano, inda malamai suka shaide shi da hazaƙa. A can ne ciwon ciki ya soma addabarsa, ya riƙa jin kamar an hura masa wuta a ƙirji duk lokacin da yunwa ta kama shi. A makaranta aka ɗauka ƙyuya ce, a gida kuma aka haɗa shi da jiƙon kanwa. A 1989 ya bar karatu, bai kuma komawa ba.

Sana'a da Aure

Ya yi noma, ya yi acaɓa, daga bisani ya mallaki adaidaita sahu yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Rano da Kibiya. A 1998 ya auri Malama Barira, 'yar garin Saji, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar.

Rasuwar Ikram

A 2017 'yarsu ta biyu, Ikram, wadda ta fi kowa ɗauko kaifin basirarsa, ta fara kuka da ciwon ciki tana shekara goma sha huɗu. Ya jiƙa mata kanwa, ya haɗa mata da ƙwayoyin ciwon jikin da yake sha. Sau da dama Barira ta nemi a kai ta asibiti, amsarsa ɗaya ce: "Ni ma da shi na girma, ga ni a raye." A damina ta 2018 yarinyar ta yi aman jini, ta cika a wani asibiti a Kano. Likita ya tabbatar masa cewa gyambon ciki ne, irin wanda ake warkarwa in an zo da wuri, kuma ƙwayoyin sun ƙara tsananta mata shi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Tun daga nan surutu ya ƙaurace wa bakinsa. Duk gidan da ya ji yaro yana kuka da ciwon ciki, sai ya je da adaidaitarsa ya tsaya a ƙofa, ba ya tafiya sai an fito da yaron an tafi asibiti. Wasu iyayen sun gode, wasu sun kira shi mai shisshigi. Nasa ciwon kuwa bai taɓa yarda an duba ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a Rano a watan Agustan 2024. Ya yi wasiyyar a kwantar da shi kusa da Ikram a Fammar, amma ruwa ya yanke hanya a ranar, aka yi masa sutura a Rano. Ya bar matarsa Barira da 'ya'ya huɗu: Mahdi, Nuriyya, Sagiru da Amiru. Allah ya jiƙansa.