Ƙofar banɗakin Baba

Wata biyar ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya, ga gaskiya: tiyatar kaba aka yi mini, kuma kishi ne ya kai ni.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba a gidanmu na Trikania, ni ke masa wanka. Kullum da safe in ɗauke shi cak zuwa banɗaki, in shirya shi, sannan in ruga makaranta in tsaya gaban allo.

Ƙanena Ishaya yana Abuja. Ya aiko da keken marasa lafiya, sabo fil. Ranar Lahadi fasto ya ambaci sunansa a coci, aka yi ta tafi. Ina bencin baya, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ashe keken ba ya shiga ƙofar banɗaki. Ban gaya wa Ishaya ba. Na ce a raina, ya sayi keke ya sha tafi, amma ɗaukar Baba tawa ce, ba zai ƙwace ba.

Sai kumburi ya fito mini a ƙasan mara. In na kwanta ya koma, in na ɗaga Baba ya dawo. Matata Saratu ta ce, "Baban Alheri, ka je asibiti mana." Na ce iska ce kawai.

Wata Talata ya ƙi komawa. Amai, zufa, ciwo kamar ana murɗa mini hanji. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sa ƙarin ruwa. Likita ya ce, "Malam, hanjinka ne ya maƙale. Yau za mu shiga, ba gobe ba." Na tsorata. Na sa hannu a takarda ina tunanin wa zai yi wa Baba wanka.

Ishaya ya zo. Sau ɗaya ya ɗaga Baba, ya kira magini. Wuni guda aka faɗaɗa ƙofar.

Ya same ni a gadon asibiti ya ce, "Yaya, shekara biyu fa! Me ya hana ka faɗa?" Na juya fuska bango.

Yanzu ɗinki ya warke. Na gode wa Allah, da likitoci, da Saratu. Na gode wa Ishaya ma, ko da yake Baba yana ce wa duk baƙon da ya shigo, "Ishaya ne ya yi mini ƙofa," kuma har yau abin na sosa mini rai.

Mai jinyar iyaye, in ka ga kumburi, je asibiti. In aiki ya fi ƙarfinka, buɗe baki ka gaya wa 'yan'uwanka, ko da wanda kake jin haushinsa ne.

Jiya na tura Baba har cikin banɗaki, da hannu ɗaya.