Amsa Ba Ta Ƙasa

Abin da na fara gani a zauren marigayi ranar sadakar arba'in shi ne hular Nasara rataye a ƙusa, gumi ya yi mata zobe. Ita tsohon mushenmu, wato malamin makarantarmu, yake sawa idan zai shirya mu jarrabawar bursu, wadda ke kai yaro karatu kyauta a Yamai. Sai ya hau kujera, ya tofar da goro, ya murtuke fuska, ya zama Bature mai tambaya.

"Ɗiyata, amsar tana ƙasa ne? Dube ni! In kin sunkuya, Nasara shina cewa ba ki sani ba."

Ni kuwa a gida an hana ni kallon babba a ido. Ramatu, 'yar ajinmu, ba ta da wannan nauyi. Takan zuba masa ido, ko ta yi kuskure ya ce, "Yawwa!" Yarinya ɗaya ake turawa daga garinmu Filinge, ita ya tura bara. Na fi ta lissafi, shi ma ya sani. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, amma har yau abin yana ci na.

Bana ce damata ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun wuce. Ranar sadakar Ramatu ta zo gaisuwa daga Yamai da takalmi rufaffe, tana ta Faransanci cikin mata. Na daɗe ina kallon takalmin, sannan na ɗaga kai.

"Ramatu, don Allah gobe ki taho gidanmu ki zamo min Nasaran. Ki tambaye ni, kar ki ji tausaina."